Shekara uku a shagon kawu: wanne zan kama cikin burikana?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28 a Kano. Na karanta ilimin tattalin arziki a jami'a, na gama a 2021, na kammala hidimar ƙasa a 2022. Da na nemi aiki ban samu ba, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya ce in riƙa zama a shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari kafin Allah ya kawo wani abu. Yau shekara uku ke nan. Ba ni da tsayayyen albashi. Yana ba ni kuɗin mota da na abinci, da Sallah ya yi mini ɗinki ya ƙara da ɗan wani abu, kuma ya sha cewa zai sallame ni da jari, amma bai taɓa faɗin lokaci ba, ni kuma ina jin nauyin tambayarsa. A cikin shekarun nan na sayi fom na digiri na biyu ban je ba, na fara koyon rubuta manhajar kwamfuta ta intanet na bari bayan wata biyu, na sayi littattafan jarrabawar akantoci suna nan a ɗaki sun yi ƙura, kuma kullum ina mafarkin buɗe nawa shagon. Duk watan Janairu nakan rubuta abin da zan yi a shekarar, amma kafin azumi ya zo na manta inda na ajiye takardar. Abokan karatuna wasu suna aiki a banki, ɗaya ya tafi Ingila, idan na ga hotunansu sai barci ya gagare ni. Akwai yarinyar da muke tare shekara biyu, iyayenta sun ce in turo magabatana ko in ba wani wuri. Mahaifiyata kuwa cewa take in yi haƙuri da kawu, kada in ɓata zumunci. Na fara zargin ko ni rago ne, ko kuma ba ni da rabo. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani ɗanku, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya yaye maka wannan damuwa.

Maganar ragwanta ka cire ta daga ranka tun yanzu, domin wasiƙarka da kanta ta ƙaryata ta. Wanda ya shekara uku yana sammakon buɗe shago, yana sauke dila, yana jure surutun masu taya kaya da rana da cunkoson Kwari, ba tare da an yanka masa albashi ba, ba a kiransa rago. Abin da na gani a wasiƙar shi ne burika huɗu, kuma babu ko ɗaya da ka rubuta masa farashi ko ka sa masa rana. Ka ce digiri na biyu, ba ka ce a wane fanni ba, ko me za ka yi da shi idan ka samu. Ka ce shago, ba ka ce jarin nawa ba, ko a wane layi, ko wane irin kaya. Mutanen garinku ne suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma kai Dala huɗu kake hange lokaci guda, kowace a wata kusurwa dabam. Duk wanda ya tsaya a irin wannan mararraba zai ga kamar ƙafarsa ce ta mutu, alhali bai zaɓi hanyar da zai bi ba ne kawai.

Ina kuma zargin wani abu, ka duba ranka ka gani ko na yi daidai. Ina jin kowane ɗaya daga cikin abubuwan da ka fara, ka fara shi ne a makon da wani labari ya sosa maka rai: an ce wane ya samu aikin banki, sai ka sayi littattafan akanta, an ce wane ya sauka a Ingila, sai ka sayi fom. Abin da aka fara domin a kashe zafin zuciya yakan mutu da zarar zafin ya lafa, shi ya sa watanni biyu suke isar ka. Wannan ba abin kunya ba ne, kusan kowa ya taɓa yi, amma yana da kyau ka gane shi don kada ka sake zuba kuɗinka a wani sabon abu ranar da ka ga wani sabon hoto.

Shekara ukun da kake kuka da su ma ban yarda sun tafi a banza ba, sai dai ban ga alamar ka girbe abin da ke cikinsu ba. Kai da ka karanta tattalin arziki, kana zaune a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma, inda fatake ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. A gabanka aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, har 'yan kasuwar da ba su taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba suka koma karɓa dole. A gabanka aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a watan Yuni, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kaya masu yawa da ake sayarwa a Kwari daga ƙasar Sin ake shigo da su, don haka kowane tashin dala sai da ya taɓa farashin turmin atamfa. Ka ga waɗanda suka sayar da kaya da murnar riba suka koma sari suka tarar kuɗin ba zai sayi rabin abin da suka sayar ba. Abin da malamanku suka koya muku a kan allo, kai ka gan shi yana tafiya da ƙafafunsa. Tambayata ita ce, a cikin wannan duka, ka taɓa ɗaukar littafi ka rubuta abin da shagon ke saye da sayarwa, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da kayan da ke saurin fita da wanda ke kwantai? Idan amsar a'a ce, to nan ne asararka take, kuma ita ce mafi sauƙin gyarawa.

Sai maganar kawunka, wadda ita ce ginshiƙin komai, domin ba za ka iya tsara ko wata shida na rayuwarka ba alhali ba ka san matsayinka a inda kake wuni ba. Ina so ka yi masa adalci. Ya ɗauke ka lokacin da ba ka da abin yi, ya ba ka amanar dukiyarsa, kuma a tsarin da shi ya taso a ciki, yaron shago ba albashi yake nema ba: yana yi wa ubangidansa hidima na shekaru, yana koyon sana'a da sanin mutane, ranar da ubangida ya ga ya isa sai ya yaye shi da jari ko da kaya. Mai yiwuwa shi ma haka aka yi masa, kuma a ganinsa shekara uku ba wani dogon lokaci ba ne. Yana iya yiwuwa kuma faɗuwar naira ta cinye masa uwar kuɗi fiye da yadda yake nunawa, yana jin kunyar faɗa. Akwai kuma ta uku, wadda ba zan ɓoye maka ba: ɗan'uwa mai amana da ba a biyansa albashi abu ne mai daɗin samu, kuma mutum ko na kirki ne ba ya gaggawar rabuwa da abin da ke masa daɗi idan ba a tuna masa ba. Ba ka san wacce ce gaskiya a cikin ukun ba, domin ba ka tambaya ba. Shirun nan naku ne ku biyu, ba nasa kaɗai ba.

Mahaifiyarka tana da gaskiya da ta ce kada a ɓata zumunci, amma ina ganin abin da ke ɓata zumunci a irin wannan zama shi ne alkawarin da ba shi da rana, wanda kowa ke fassara shi yadda ya ga dama har ranar da abin zai fashe. Ka zauna da ita cikin natsuwa, ka nuna mata cewa ba rigima kake nema da yayanta ba, kana so ne ka san inda ka dosa saboda maganar aure ta taso. Ka roƙe ta ta yi masa maganar da kanta, ko ta nemi wani dattijo a dangi wanda kawun ke jin nauyinsa. Kada a tayar da zancen a tsakiyar cinikin azumi, lokacin da hankalin kowane ɗan Kwari ke kan kaya da kuɗi. A bari sai kasuwa ta lafa. Idan an zauna, ka fara da godiya, kuma ka yi ta da gaske. Sannan ka nemi sanin lokacin da yake ganin zai sallame ka, da kuma siffar sallamar, ko kuɗi ne, ko kaya ne da za ka sayar ka riƙa mayar da uwar kuɗi, ko tebur ne a gaban shagonsa. Kafin lokacin kuma ka roƙi a yanka maka wani abu sananne a wata, ko la'ada a kan duk kayan da ka sayar ta hannunka. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ban ambace shi don ka je ka karanta wa kawunka doka ba, wannan rashin kunya ne, kuma ƙaramin shago ba ya cikin waɗanda dokar ta hau kansu. Na ambata ne don ka samu ma'aunin da za ka auna darajar wuninka a cikin zuciyarka.

Idan ya ba da amsa mai rana, ko da ranar ta yi maka nisa, ka samu abin da za ka gina a kai. Idan kuwa ya yi ta kewaye-kewaye har sau biyu, to ka ɗauki wannan a matsayin amsa, ka ba kanka wata shida ka nemi wani wurin, ka yi masa sallama ta mutunci, ka ci gaba da gaishe shi kamar yadda ka saba.

Yanzu bari mu duba burikan naka. Digiri na biyu ka ajiye shi tukuna. Yana da amfani ga mai son koyarwa a jami'a ko wanda ke cikin aiki yana neman ƙarin girma, amma ga wanda bai san me zai yi da shi ba, hanya ce mai tsada ta jinkirta yanke shawara, kuma Jami'ar Bayero ba za ta tashi daga inda take ba. Rubuta manhaja sana'a ce ta gaske, har gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa a kanta da makamantanta, sai dai tana son sa'o'i masu yawa kowace rana, da kwamfuta, da wuta, da data, na tsawon lokaci kafin a ga kwabo. Ka tambayi kanka abin da ya faru a cikin wata biyun da ka yi. Idan kana zama a kanta har ka manta da cin abinci, rashin lokaci ne kawai ya raba ku, to wannan magana ce dabam, kuma zan ce ka nemi hanyar komawa. Idan kuwa da ƙyar kake buɗe darasin, ka bar ta da zuciya ɗaya, ba kowace sana'a ce ta kowa ba.

Da ni ne kai, da sauran biyun zan haɗa su zama abu ɗaya, domin su kaɗai ne ke tafiya da inda ƙafarka take a yau. Ka riƙe kasuwa a matsayin gonarka, ka riƙe ilimin akanta a matsayin fartanyarka. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, ICAN, wadda aka kafa a 1965, tana da matakan jarrabawa uku, ta kuma saba gudanar da su a watannin Mayu da Nuwamba, kuma mutane da yawa suna aiki suke rubutawa. Akwai kuma wata ƙungiyar akantoci, ANAN, mai kwalejinta a yankin Jos. Kafin ka kashe ko sisi, ka je ka tambayi darussan da za a ɗauke maka saboda digirinka da jimillar kuɗin da matakin farko zai ci. Abin da ya sa na fi karkata nan shi ne, duk abin da ka karanta da dare za ka iya gwada shi da safe a shagon kawunka. Ka fara rubuta masa shiga da fita, ka jera masa sunayen masu bashi da kwanakin da bashin ya yi, ka nuna masa kayan da suka wata huɗu ba su motsa ba. Ɗan kasuwar da ya ga an gano masa kuɗin da ke zurarewa ba ya sake yi wa mai ganowar kallon yaron aike. A layinku kaɗai akwai shaguna da yawa da lissafinsu ke cikin kan mai shago da wani tsohon littafi, kuma idan aka san ka da wannan aiki da riƙon amana, wasu za su biya ka ka yi musu. Ko ka ƙare a banki, ko a kamfani, ko a shagonka, wannan ilimi zai bi ka. Duk da haka, zaɓin naka ne. Ka yi istihara, ka yi shawara da wanda ya riga ka shiga fannin, amma idan ka zaɓa, sauran ka rufe su a akwati na shekara guda cur, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Dangane da takardar Janairu da ke ɓacewa, akwai dalilin da ba ka lura da shi ba. Daga 2023 zuwa 2025 azumi ya riƙa kamawa ne a watan Maris, kuma makonnin da ke gabaninsa zuwa jajibirin Sallah su ne lokacin da Kwari ta fi cika. Wato kana shuka shirinka ne daidai lokacin da ba ka da sa'a guda ta kanka, sannan idan ya bushe ka ɗora wa halinka laifi. Ka daina bin kalandar ma'aikatan ofis, ka bi ta kasuwarku. Shekararka ta karatu ta fara bayan Sallah, ka sa wa ranka tun farko cewa a lokacin cinikin Sallah bita kawai za ka yi, kuma ka zaɓi zangon jarrabawar da bai faɗa cikin cunkoson ba.

Yadda ake riƙe buri kuwa, ka riga ka koye shi tun kana ƙarami, a makarantar allo. Babu almajirin da ake ce wa ya je ya sauke Alƙur'ani a bar shi haka nan. Ana rubuta masa abin da allonsa zai ɗauka, ya biya, ya kawo hadda gaban malam, sai an gamsu sannan ya wanke a ƙara masa. Rabo ne ƙarami, a lokaci sananne, gaban wanda zai saurara, kuma da haka ake kai wa izu sittin. Haka za ka yi. Maimakon ka rubuta "zan zama akanta", ka rubuta cewa daga bayan sallar Asuba zuwa lokacin fita kasuwa, kwana biyar a mako, za ka karanta shafi kaza na littafi kaza, kuma za ka zauna jarrabawa a wata kaza. Maimakon "zan tara jari", ka yanke abin da za ka cire kullum. A misali, naira 1,500 a rana, kwana 26 a wata, naira 39,000 ke nan, a wata shida 234,000. Ba jarin shago ba ne, amma ya isa ya rage maka nauyin kuɗin jarrabawa ko ya sayi 'yan turamen farko da za ka riƙa tallatawa ta WhatsApp. Ka zuba su a adashi ko a asusun da ba ka yawo da katinsa. Sannan ka nemi mutum ɗaya mai gaskiya, wanda ba ya jin kunyarka, ku riƙa haɗuwa duk Juma'a bayan masallaci ya tambaye ka abin da ka yi a makon. Ranar da ka fasa, kuma za ka fasa wata rana, kada ka yaga takardar. Ka tashi washegari ka ɗora daga inda ka tsaya. Ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma na ga wannan ya yi aiki a harkar duniya kamar yadda yake yi a ibada.

Iyayen yarinyar ba su yi maka laifi ba. Shekara biyu ta yi tana jira, kuma lokacin 'ya mace a idon jama'armu ba ɗaya yake da naka ba, ko mun so ko mun ƙi. Abin da suke bin ka shi ne gaskiya mai rana. Wannan ne ma ya sa zama da kawunka ya zama na gaggawa, domin amsarsa ce za ta nuna maka abin da za ka iya faɗa musu. Idan ya bayyana cewa nan da wasu watanni za ka samu abin riƙe gida, ko da ɗaki ɗaya ne, ka tura magabatanka su nemi a sa rana daidai da hakan, kuma ka gaya wa yarinyar ainihin abin da kake samu, ba abin da kake fata ba, ta zaɓa da idonta a buɗe. Mata da yawa sun yarda sun fara da kaɗan tare da mutumin da suka ga ya san inda ya nufa. Idan kuwa lissafi ya nuna babu hali nan kusa, ka faɗa mata da bakinka, ka bar mata zaɓin jira ko tafiya ba tare da ka ɗaure ta da rantsuwa ko kuka ba. Zai yi ciwo, amma riƙe 'yar mutane da "in sha Allahu" marar rana shi ne daidai abin da kake kuka kawunka yana yi maka.

Hotunan abokanka kuma, ka rage kallonsu da dare. Babu mai ɗora hoton bashinsa ko na kaɗaicinsa. Wanda ke banki a cikinsu ka kira shi, ka tambaye shi yadda ya shiga da abin da ake nema, domin ya fi maka amfani a matsayin mai ba da labari. Idan rashin barcin ya wuce makonni, ko ka ga abinci da hira da mutane sun fita daga ranka, ka je asibiti ka faɗa wa likita, kada ka tsaya kan cewa tunani ne kawai. Rabo kuwa Allah kaɗai ya san inda ya ajiye wa kowa nasa, kuma ɗan shekara 28 bai yi tafiyar da zai yanke hukunci a kan nasa ba.

A wannan makon ka sayi littafin lissafi mai kauri ka fara rubuta cinikin shagon, ka kuma samu mahaifiyarka da maganar zaman. Idan an yi zaman, ka sake rubuto mini abin da kawun ya ce da kuɗin da aka gaya maka na matakin farko na jarrabawar, mu duba tare ko Mayu za ka nufa ko Nuwamba. Ka gaida mahaifiyarka.